Wata 8 da akwatin noman ruwa mai rami 12, ga abin da ya iya ga abin da ya kasa

Duk wanda ya shigo gidana ya hango hasken nan mai kama da ruwan hoda yana haska bango sai ya tambaya wai wannan kuma mene ne, in na ce gona ce a yi dariya, in na ɗaga murfin aka ga saiwoyi fari tas suna reto a cikin ruwa sai dariyar ta koma "kai, a ina kika samo, ni ma in saya?" To na gaji da ba da amsa guntu-guntu shi ya sa yau na zauna in rubuta komai gaba ɗaya. Wata 8 ke nan cif ina fama da shi, na ga daɗinsa na kuma sha haushinsa, kuma da kuɗina na saya ba wanda ya ba ni don in yabe shi. Sunan kamfani kam ba zan kama ba, don gaskiya akwatunan nan kusan duk uwa ɗaya uba ɗaya ne, suna da launin roba kawai ake canjawa, in kin ga ɗaya kin ga sauran.

Abin da ya zo a kwalin: tanki na roba mai cin lita 4, murfi mai rami 12, ƴan kwanduna masu raga da ake zurawa a ramukan, soso mai ruwan ƙasa da ake cusawa a kwandon, ƴan huluna na roba garai-garai, fitilar LED mai wat 24 a kan sanda da ake ɗagawa ana saukewa, da wani ɗan inji a ƙasan tankin da ke juya ruwa. Sai kwalabe biyu na taki, ɗaya an rubuta A ɗaya B. Haɗa shi bai ci min minti goma ba, wannan kam na ba su. Takardar bayanin ce dai abin tausayi, shafi huɗu, rabi hotuna, rabin kuma an rubuta shi kamar wanda ake kora, babu ko kalma ɗaya a kan abubuwan da daga baya suka kusa kashe min shuka.

A jikin kwalin an rubuta da manyan baƙaƙe wai shuka na girma ninki biyar fiye da a ƙasa. Wannan maganar ku bar ta a jikin kwalin. Shi noman ruwa ba sabon abu ba ne da za a zo a ruɗe mu da shi, tun wajajen 1860 masana a Jamus irin su Sachs da Knop suka nuna shuka za ta rayu a ruwa zalla in an narka mata sinadaran da take buƙata, shi kuma William Gericke na jami'ar Kalifoniya da ya yaɗa sunan haidurofonik, wato noman ruwa, a 1937 har tumatir ya tayar mai tsawon fiye da mita 7 ya girgiza mutane, amma abokan aikinsa biyu a jami'ar, Hoagland da Arnon, da suka zauna suka gwada a 1938 sai suka ce amfanin bai fi na ƙasa mai kyau da aka kula da ita ba. Ni ma abin da na gani ke nan. Latas ɗina ya fi na tukunya sauri, eh, na fara tsinkar ganye a sati na huɗu, amma don bai taɓa jin ƙishi ko yunwa ko rashin haske ba ne, ba wani siddabaru a ciki.

Ni dai ma ba don latas na saya ba. Ni matsalata dashen reshe ce. Na daɗe ina yankan reshe ina tsomawa a kofi a bakin taga, wani ya kama wani ya ruɓe, tagar tawa kuma ba ta samun rana sosai sai ƴar ta safe, in na manta ban canja ruwa kwana uku ba sai in tarar da shi ya yi dagwalo yana wari. Sai na ce to ga abu mai haske na kansa, ga ruwa yana motsi ba ya kwanciya, bari in mai da shi wurin fitar da saiwa in ga ko za a dace. Kwalin bai ce a yi haka ba, su iri suke so ka shuka a cikin soso. Amma wallahi a nan ne akwatin ya fi burge ni, a nan kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Ga yadda na yi zagayen farko. Da sassafe na fita, don a lokacin ne reshe yake cike da ruwa bai yi yaushi ba, na yanko na'a-na'a huɗu, ɗaɗɗoya huɗu, tohon tumatir biyu, irin wanda ke fitowa a tsakanin kara da ganye da dama yankewa ake a zubar, sai rozmari biyu, wata shuka ce mai itace da ake sa ganyenta a girki don ƙamshi. Kowanne tsawonsa kamar santimita 10 zuwa 12. Da sabuwar reza na yanka bayan na goge ta da sifirit, kuma a ƙasan gaɓa kaɗan ake yanka ba a tsakiyar kara ba, don a gaɓar ne saiwa ta fi saurin ɓullowa. Na cire duk ganyen ƙasa na bar biyu ko huɗu a sama, manyan ganyen ɗaɗɗoyar ma na raba su biyu da almakashi don reshen da ba shi da saiwa ba ya iya shayar da ganye mai faɗi, kuma duk wanda ya fara fure ban ɗauke shi ba, wanda hankalinsa ya tafi kan fure ba ya mai da kai wajen saiwa. Sannan na tsaga soson a tsaye da reza, na kwantar da reshen a ciki na bar ƙasansa ya leƙo kamar santimita biyu yadda zai taɓa ruwa, na mayar cikin kwando. Kar a yi ƙoƙarin tura reshe ta ɗan ramin da ke saman soson, na gwada da ɗaya ya karye a hannuna.

Ruwa zalla na zuba ban sa taki ba. Reshen da ba saiwa ba abin da zai yi da taki, sai ma gishirin ya janye masa ruwan jiki ya ƙara masa wahala. Fitilar kuma na ɗaga ta can ƙarshen sandar, na kifa hulunan a kan waɗanda suka shiga ciki.

Rana ta biyar na ɗaga murfi, sai ga wasu ƴan fararen ƙuraje a gaɓar na'a-na'ar kamar ƙwayar gishiri, washegari sun zama zare, kafin kwana takwas sun kai tsawon ɗan yatsa. Tumatir shi ma kwana shida zuwa bakwai, kuma shi ba ruwansa da gaɓa, duk jikin karan da ya shiga ruwa sai da ya fitar da saiwa buzu-buzu. Ɗaɗɗoya ta ɗan ja aji har kwana tara zuwa goma. A cikin masu laushin nan guda goma ɗaya ce kawai ta mutu, ita ma laifina ne na bar ganye ɗaya ya nutse a ruwa ya ruɓe ya ja karan. Ni da na saba rasa rabi a kofi, ranar har hoto na yi ta ɗauka kamar wadda aka yi wa haihuwa. Rozmari kuwa shiru kake ji, sai a sati na huɗu ɗaya ya fitar da ƴan siraran saiwa uku, ɗayan ƙasansa ya yi baƙi ƙirin na jefar.

Nasarar nan ce ta sa kaina ya kumbura na ce to yanzu sai manya. Maƙwabciyata wata dattijuwa ce da furen wardinta ya cika bakin ƙofa, na je na gaishe ta na roƙi reshe, ta yanko min shida har da na lemun tsami biyu da na furen ado mai hawa katanga da ake ce wa bogambiliya biyu, tana miƙo min ta ce "a me za ki kafa su ƴar nan?" Na ce Mama ai inji na saya, a ruwa zan sa. Ta dube ni ta ce "mai itace ba ya son wanka, ki nemi yashi." Na ce to Mama, na gode, amma a raina na ce tsohon yayi ne wannan. Na ma haɗa da garin fitar da saiwa da na saya daban, wanda sinadarin cikinsa ake kira IBA, tun 1935 masu bincike a Amurka suka gano yana sa reshe ya yi saiwa, kwaikwayo ne na sinadarin oksin da ita shukar ke haɗawa a kan tohonta tana turawa ƙasa, shi ya sa ma in ka juya reshe ka kafa shi kai a ƙasa ba ya kamawa. Garin yana aiki, ba ƙarya. Sai dai ni wautar da na yi, na dangwala reshen a gari na zura a ruwan da inji ke juyawa, kafin awa ɗaya ruwa ya wanke shi tas ya bi tanki.

Sati uku ina leƙe. Wardin ya yaudare ni da farko, ya fitar da toho ja mai kyau a sama na ce an kama, ashe da ɗan abincin da ke ajiye a karan yake yi, ƙasa ba komai. Biyu sun yi wani farin kumburi a bakin yankan kamar tabon ciwo, daga nan ba su ƙara gaba ba, sai baƙi ya fara hawa daga ƙasa yana yin sama, ɓawon ya saɓule kamar rigar da ta jiƙe. Duk goman nan ko ɗaya bai kama ba. Na koma wurin Mama da kunya, ba ta ce min komai ba sai dariya, ta sake yanko min huɗu ta ce in kafa a yashi mai laima a tukunya mai huda, in kifa gorar roba da aka yanke gindinta, in ajiye a inuwa mai haske in daina tonawa ina dubawa. Wannan karon garin ya zauna a jikin reshen don ba ruwan da zai wanke shi, na zuba kaɗan a murfin kwalba na dangwala na kakkaɓe, ban tsoma a cikin robar garin kanta ba kar in gurɓata sauran. Sati bakwai, uku suka kama. Reshe mai itace yana daɗewa kafin ya yi saiwa, kuma duk tsawon lokacin nan bakin yankan yana son laima da iska tare, yashi na ba shi duka biyun, ruwa kuwa ko ana juya shi rabi yake ba shi. Don haka in wardi ko lemo ko wani mai itace ne a ranki, akwatin nan ba naki ba ne, ajiye kuɗinki.

Akwai kuma wani abu da ba wanda ya faɗa min sai da na yi asara, wato fitar da su daga ruwa zuwa ƙasa. Saiwar da ta tashi a ruwa daban take da ta ƙasa, fara ce mai gautsi, ta saba komai na zuwar mata a baki. Zagayen farko na bar ɗaɗɗoya har saiwarta ta kai kusan kamu ɗaya don ina jin daɗin kallo, da na zo cirewa ta sarƙe da ragar kwandon sai da na tsinke rabi, na dasa a tukunya na kai rana kai tsaye, kafin azahar ta langaɓe sharaf kamar an zuba mata ruwan zafi. Yanzu da saiwa ta kai santimita 3 zuwa 5 nake cirewa, da soson da komai nake binnewa ba na ɓare shi, in jiƙa ƙasar sosai satin farko, in bar su a inuwa kwana huɗu ko biyar sannan in riƙa matsar da su rana kaɗan-kaɗan. Tun da na koma haka da wuya in rasa.

To bari in zo kan waɗanda na bari suka zauna a cikin akwatin dindindin, don a nan ne rigimar take. Takin A da B gari ne a kwalba, ka cika da ruwa ka girgiza, sannan ka auna mililita 5 na kowanne a lita ɗaya. Takardar ta ce kar a haɗa su amma ba ta ce don me ba, ni kuma da son sauƙi rana ɗaya na zuba su biyun a kofi guda kafin in kai tanki, nan take ya yi fari kamar an dama alli, wani gari ya kwanta a ƙasa. Ashe ɗayan kalsiyam ne a ciki, ɗayan kuma salfet da fosfet, in suka haɗu da kaurinsu sai su dunƙule su zama abin da ba ya narkewa, shuka ba ta iya sha. A zuba A a cikin ruwan tanki a juya, sannan a zuba B, shi ke nan. Layi ɗaya da sun rubuta da ban zubar da taki ba.

Sai maganar tsami. An ce ruwa ba ya tsami banza, to nawa matsalarsa ma ƙin yin tsamin ya yi. Wajen sati na biyar sabbin ganyen ɗaɗɗoya da na tumatir suka fara fitowa ruwan ɗorawa, jijiyoyin ganyen kore shar amma tsakaninsu ya koɗe, tsofaffin ganye kuwa lafiya lau. Na ɗauka yunwa ce na ƙara taki, abin ya ƙara lalacewa har bakin ganye ya fara ƙonewa. Sai da na sayi ruwan gwajin pH, wato na auna tsamin ruwa, irin wanda ake ɗigawa launi ya canja, na ga ruwan famfona yana wajen 8, shi kuwa lambar tana hawa tsami na raguwa. Shukar ruwa kuwa tsakanin 5.5 da 6.5 take so, in ya haura sosai sinadarin ƙarfe yana nan a cikin ruwan amma ya kulle saiwa ba ta iya ɗauka, ga abinci ga yunwa. Na fara da matsa lemun tsami, yana saukar da shi kam, amma kwana ɗaya biyu ya sake hawa, sai da na nemo ruwan saukar da pH na ainihi mai fosforik asid, ɗigo kaɗan da sirinji, a cikin sati guda sabon toho ya dawo kore. Abin da ya ba ni haushi shi ne kayan gwajin nan ba wani abin kirki ba ne da zai gagare su sakawa a kwali, amma ko ambatonsa ba su yi ba, mutum zai zauna yana zargin kansa yana cewa ba shi da hannun shuka alhali ruwansa ne.

Na ƙara da alƙalamin auna ƙarfin taki, wanda ake ce wa EC. Ba dole ba ne amma ya buɗe min ido a kan abu ɗaya: lokacin zafi shuka ta fi shan ruwa fiye da cin taki, don haka in tanki ya sauka ragowar ruwan ya ƙara gishiri ne, in ka cika da ruwan taki kullum sai ya yi ta tauri har ya ƙone saiwa. Yanzu in ya sauka ruwa zalla nake fara ƙarawa in auna, latas ina riƙe shi tsakanin 1.2 da 1.6, duk sati biyu kuma in zubar da komai in sake sabo.

Mafi munin abin da ya same ni a wata na huɗu ne da zafi ya tsananta. Na shigo na ji wani ɗoyi-ɗoyi kamar na kwata, latas ya yi yaushi alhali tanki cike yake, na ɗaga murfi na ga saiwoyin da na sani fari tas sun koma ruwan ƙasa suna yauƙi, na kama ɗaya da yatsa biyu na ja sai fatar ta zame ta bar wani siririn zare a tsakiya. Ruɓewar saiwa ke nan. Na tsoma ma'aunin zafi, ruwan ya kai digiri 30. Shi ruwa yana ɗumi yana sakin iskar da ke cikinsa, a digiri 20 yana riƙe iskar oksijin wajen miligiram 9 a lita, a 30 kuwa bai wuce 7 da rabi ba, ga saiwar kuma a zafin ta fi buƙatar iska, ga ƙwayar cutar da ke ruɓar da saiwa, wadda ake ce wa fitiyam, ita kuma ɗumin take so, abu uku sun haɗu a kan shuka ɗaya. Ɗan injin da ke ciki juya ruwa kawai yake, minti 30 yana aiki minti 30 yana hutawa, ba ya hura iska kamar na tankin kifi, kuma lita 4 ruwa ne kaɗan, nan da nan yake ɗaukar zafin ɗaki. Latas ɗin duk na tumɓuke. Na'a-na'a da ɗaɗɗoya na yanke kawunansu masu lafiya na ajiye a kofi, na kwance akwatin ɗai-ɗai har injin na buɗe na cire soson cikinsa, na wanke da ruwan bilic mai rauni na ɗauraye sau uku na shanya, sannan na sake kafa kawunan nan a sabon soso. Daɗin iya dashen reshe ke nan, ko gona ta mutu kana da iri a hannu. Daga baya na matsar da akwatin wuri mafi sanyi a gidan na kuma zura masa ƙaramin injin iska na tankin kifi ta ɗaya daga ramukan, tun daga nan bai sake ba.

Rami 12 ɗin nan ma talla ce. Don fitar da saiwa, eh, 12 ɗin duk suna amfani. Amma a ce a bar shuka 12 su girma a fili mai faɗin faranti, ina, sati uku sun cunkushe manya sun danne ƙanana, na gefe suna miƙa wuya suna neman haske. Huɗu ko biyar ne gaskiyarsa. Ramukan da ba a amfani da su kuma dole a toshe, in haske ya shiga tanki gansakuka ta sauka kore shar a jikin komai, ni murfin toshewa shida kawai suka saka min sai da na ƙara da takardar alminiyam. Na'a-na'a kuwa kar ki kuskura ki bar ta da wasu, ba ta da kawaici, wata biyu saiwarta ta mamaye tankin ta shiga bakin inji ta shaƙe shi, wata ma ta bi ta ƙarƙashin murfi ta ɓullo a ramin maƙwabcinta. Tumatir shi kuma sati biyar ya kai fitila, sandar tawa ba ta kai santimita 40 ba, kansa ya taɓa fitilar ya ƙone, dole na fitar da shi zuwa bokiti.

Fitilar ita ce abin da ya fi komai daraja a kwalin, in an cire ta sauran roba ce kawai. Tana kunna kanta awa 16 ta kashe awa 8, ba ta zafi sosai, wutar da take ci kuma in ka lissafa wat 24 sau awa 16 bai kai rabin kilowat-awa a rana ba, wajen 11 da rabi a wata. Aibinta biyu. Ba ta da agogo na gaskiya, daga lokacin da ka jona take fara ƙirga, to in wuta ta ɗauke ta dawo ƙarfe 9 na dare daga nan za ta fara sabon lissafi, ka farka tsakar dare ka ga ɗaki kamar rana, sai ka tashi da asuba ka zare ka sake jonawa kafin ta dawo daidai. Na biyu hasken yana da ƙarfi a ido, kar a ajiye a ɗakin kwana, na gwada dare biyu na kwashe shi.

Injin ya mutu a wata na biyar, ya fara da ƙugi in ruwa ya yi ƙasa, wata rana kawai ya yi tsit. Na tura wa masu sayarwar saƙo da bidiyo, sai da aka yi kwana tara kafin su amsa, amsar ma tambayata suka yi ko na jona shi da wuta. Daga ƙarshe dai sun aiko da wani, bayan kusan wata guda, kuma ban biya komai ba, to wannan na yaba, amma da ban riga na sa injin iskan nan ba da shukokin ba su jira su ba. Soson kuma da suka ƙare na ga nasu yana da wata siffa ta daban, ba kowane soso ke shiga kwandon ba, sai na koma yanka soso na yau da kullum marar sabulu, don dashen reshe yana yi daidai, zaren ɓawon kwakwa ma na gwada amma yana zubewa cikin ruwa yana toshe inji.

Wani gargaɗi ga mai shigo da reshe daga waje: reshe kwafin uwarsa ne, duk abin da ke jikinta da shi yake zuwa. Na taɓa shigo da na'a-na'a ban duba bayan ganye ba, ashe da ƴan ƙananan ƙwarin nan masu tsotsa a maƙale, a cikin ɗaki kuma ba ruwan sama ba abin da ke cinye su, kwana goma sun rufe latas. Yanzu sai na ɗauraye kowane reshe na juya ganye ɗaya bayan ɗaya kafin ya shiga, uwar da ganyenta ya yi dabbare-dabbare ko ya murɗe ba na ma yanka daga gare ta, don in ƙwayar bairos ce ba wankin da zai fitar.

Tumatirin da na ce na mayar bokiti shi ya sa na fara tambayar kaina ko ma ina buƙatar akwatin. Hanyar da na bi ita ce wadda ake kira da sunan Bernard Kratky na jami'ar Hawayi, wanda ya yi bayaninta a 2009: ba inji ba wuta, mazubi mai murfi da haske ba ya shiga, a cika da ruwan taki har ya taɓa gindin kwandon, shuka tana sha ruwa yana sauka, sararin da ya buɗe tsakanin murfi da ruwa shi ne inda saiwar sama ke shaƙar iska. Sirrin kawai in za ka ƙara ruwa kar ka cika har baki, ka nutsar da saiwar iskan shuka ta shaƙe. Latas guda ɗaya a mazubi mai lita 4 zuwa 5 yakan kai girbi ba ka ƙara ko ɗigo ba. Na jera uku a inda rana ke samu, da takin A da B ɗin nan dai, kuma gaskiya ba su bar na akwatin da komai ba, ɗaya ma ya fi faɗi don ba mai matse shi.

Shi ya sa in aka tambaye ni in saya, sai in fara tambaya kina da inda rana ke faɗa miki awa biyar shida? In akwai, ki nemi taki da ruwan gwajin pH da tsofaffin robobi ki fara da su, akwatin ba zai ƙara miki komai ba sai kyan gani. In kuwa irin gidana ne da taga ba ta da rana, kuma abin da kike so shi ne ki riƙa fitar da saiwar masu laushi a kai a kai kina dasawa kina rabawa, to ki saya, amma ki sa a lissafi cewa sai kin ƙara da kayan gwaji da injin iska. A wurina tauraro uku da rabi ne cikin biyar, rabin nan ma albarkacin fitilar.

Yanzu haka rami huɗu ɗaɗɗoya ce da za ta fita tukunya jibi, biyu tohon tumatir da na kafa shekaranjiya, ɗaya rozmari da yau kwanansa 19 ko ƙurji bai yi ba amma bai yi baƙi ba don haka na ƙyale shi, sauran biyar na toshe. Mama ta aiko jikarta wai in ba ta na'a-na'a biyu masu saiwa, amma ta ce a faɗa min ita a ƙasa za ta sa.